Gidan da muka fito, da abin da ke hannunmu

  

An ba ni ƴan mintoci, sai na zaɓi zancen da ba mu cika yi a taro ba: gidajen da muka fito. An koya muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa kowa ke shiru. Amma cikinmu akwai wanda aka saki uwarsa tun yana ƙaramar lakkol, ya tashi hannun kishiyarta. Akwai wadda babanta ya tafi biɗa Libiya ko Abijan, da fari kuɗi na zuwa, daga baya ko waya babu. Akwai wanda iyayensa na gida guda amma ba su magana, shi ne ɗan aike: "Je ka ce ma ubanka hatsi ya ƙare."

Yaron da ya tashi haka yakan ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya ba shi, wato gyaran gida. Yana cewa in na samu bak, baba zai dube ni kamar yadda yake duban ƴan ɗakin amarya. In na fara kama burs na aika gida, faɗa zai ƙare. Ya samu bak ɗin, ya aika kuɗin, ya koma hutu, ya tarar da gida yadda ya bar shi. Daga nan sai ya fara zargin kansa. Ɗan uwa, ba kai ka ɗaura auren nan ba, ba kai ka kashe shi ba, kuma zuciyar mahaifinka ba a hannunka take ba.

Ku dubi annabawa mana. Annabi Nuhu ya yi shekara 950 yana kiran mutanensa, amma ɗan cikinsa ya ƙi shiga jirgi, ruwa ya ci shi. Abu Ɗalib ya riƙe Manzon Allah tun yana ɗan shekara 8, ya kare shi daga Ƙuraishawa, Annabi ya yi ta fatan ya musulunta har ranar mutuwarsa, bai samu ba. In waɗannan ba a ba su makullin zuciyar danginsu ba, ina ga ni da kai?

To, amma a kula, nan ne ake yawan ɓata muna. Yarda da ƙaddara ba ta nufin a ce ba a cuce ka ba. Annabi Yusuf ya yafe wa ƴan uwansa, gaskiya ne, sai dai ya tambaye su abin da suka yi masa, su kuma suka amsa laifinsu. Wani "yi haƙuri" da ake ce muna, ma'anarsa kawai "rufe bakinka", kuma ni ban yarda wannan ne haƙurin da addini ya yaba ba. Ba ta kuma nufin ka zauna inda ake dukanka ko ake hana ki karatu. Annabi Ibrahim ya yi wa babansa magana da ladabi, da aka yi masa barazanar jifa sai ya yi sallama ya nisanta. Nisa ba yanke zumunci ba ne in kana gaisuwa, kana addu'a, kana taimakawa gwargwadon ƙarfinka.

Me ya rage a hannunka? Ka aje aikin ɗan aike, ka ce: "Inna, ki gafarce ni, wannan maganarku ce ta manya, bari in kira kawu." Ka daina auna darajarka da fuskar wanda bai taɓa yaba maka ba. Ƙanenka, har da ƴan uba, ba su da hannu a rigimar ɗakuna, kada ka gaji gabar da ba taka ba. Ke kuma ƴar uwa, kada ki karɓi aure don gudun gida kawai, ki tsaya ki duba inda za ki.

Wani abin da nake gani wajen abokanmu a jami'a da unguwa: barci ya ƙaurace, karatu ba ya shiga, sai a ce tramol zai taimaka. Wallahi ba ya taimakawa, ciwo na biyu yake ƙarawa kan na farko. In ka yi makonni cikin wannan hali, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, ka faɗa wa mutum guda da ka amince da shi, malami ne ko gwaggo ko aboki mai riƙon amana, kuma ka je ka ga likita. Wanda masassara ta kama yana addu'a yana shan magani, ba wanda ke ce masa ya rasa tawakkali.

Mu kuma ƴan ƙungiya, in wani ya kawo muna irin wannan magana, mu saurara har ya ƙare kafin mu buɗe baki, kuma ta tsaya nan, kada gobe a ji ta a fada wajen shan shayi.

Allah ya shirya iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.