Damuwa, Bashin Barci da Allurar Rigakafi

Uwargida da ke gaban murhu, direba da ke kan hanya, da Malam mai shago da ya jingina rediyo da buhun sukari, duk ina gaishe ku.

Yau a kan allurar rigakafi za mu zanta. Mutum biyu ne a layi ɗaya, ma'aikaciya ɗaya ta yi musu allura daga kwalba ɗaya. Bayan wata guda aka auna jininsu, sai aka tarar garkuwar wannan ta hau sosai, ta wancan kuwa da ƙyar ta motsa. Me ya kawo haka? Akwai shekaru, akwai gado, akwai wata cuta da mutum ke ɗauke da ita. Sannan akwai halin da zuciyarsa ke ciki, kuma shi ne zancenmu.

To amma fa na san halinmu. Wani zai ji rabin zance ya kashe rediyo, gobe ya zauna a majalisa ya ce ai an faɗa a rediyo, mai damuwa allura ba ta kama shi. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ko damuwar duniya ce a kanka, ka je a yi maka. Da babu gara ba daɗi.

Allura ba a ranar da aka yi ta take fara kare mutum ba. Karatu ne ake biya wa jiki, shi kuma sai ya yi ta maimaitawa kafin ya hardace, kuma haddar kan ci kamar mako biyu. Kaluluwar nan da kan fito a hammata bayan an yi wa mutum allura a damtse, nan ne ake zaman karatun. Shi ya sa hukumomin Saudiyya suka ce allurar sanƙarau ta maniyyaci ta kai kwana 10 kafin ya isa ƙasar, takardar allurar shawara ma sai bayan kwana 10 take fara aiki. Duk abin da ya dagula jiki a wannan tsakanin, ya dagula karatun.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarai biyu idan hankali ya tashi. Adirenalin shi ne na faɗuwar gaba, da bugun zuciya, da gumin tafin hannu. Kotisol kuma shi ne mai daɗewa. Kowa yana da shi, da sassafe yake hawa don ya tashe ka, dare na yi ya sauka. Cikin ayyukansa akwai lafar da garkuwar jiki don kada ta wuce gona da iri. Fargabar minti biyar a kan benci, kana kallon sirinji, ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce damuwar da ta tare a gidan mutum wata da watanni, bashi, rashin aiki, zaman aure da ya ƙi daɗi, ciwon wani naka. Nan kotisol yake daina bin lokacinsa, ƙwayoyin da ya kamata su ƙera kariya su yi sanyi.

A 1996 wasu masana biyu a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, mata da miji, Janice Kiecolt-Glaser da Ronald Glaser, suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun ɗauki tsofaffi 32 masu jinyar mijinsu ko matarsu da ciwon mantuwa ya kama, da wasu 32 sa'anninsu da ba su da wannan nauyi, duk aka yi musu allurar mura mai tsanani. Cikin marasa jinya, kashi 66 cikin ɗari garkuwarsu ta hau yadda ake so. Cikin masu jinya, kashi 38 kacal. A 1999 aka sake irin wannan a birnin Biristol na Ingila, aka samu masu jinya a baya kuma, sannan da aka auna yawunsu aka ga kotisol ɗinsu ya fi yawa.

Turawa aka auna, amma mai jinya ai mun san ta. Shiga ɗakin marasa lafiya da ƙarfe biyun dare ka gani. Ga ta a kan tabarma a gefen gado, ta yi matashin kai da gyalenta, fulas da kula a kusa da kanta, ido ɗaya a kan ledar ƙarin ruwa kada ta ƙare ba ta sani ba. Da asuba ita ce wankin kaya, ita ce layin karɓar magani. Mu kuma mu zo da la'asar da ledar lemo da ayaba, mu ce ya jiki, Allah Ya sawwaƙe, mu kama gabanmu. Wa ya taɓa tambayarta yaushe rabonta da barci? Haba jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an zo rigakafin sanƙarau unguwa, ko likita ya ce 'yan gidan mai ciwon hanta su yi allura, wani ya karɓe ta kwana biyu ko uku ta je ta yi, ta dawo ta kwanta. Ta je ta yi, na ce. Ita da ke kwana cikin marasa lafiya ta fi kowa bukata.

Masanan nan biyu na Ohio dai, tun a 1992, sun gwada ɗaliban likitanci 48 da allurar ciwon hanta nau'in B, suna yi musu a tsakiyar jarrabawa. Kashi ɗaya cikin huɗu ne kariya ta bayyana a jininsu tun daga allurar farko, kuma su ne masu ƙarancin fargaba. Ita wannan allura sau uku ake yi cikin wata shida. Mu kuwa sai a yi ɗaya, hannu ya yi tsami, kati ya shige ƙarƙashin katifa. In jikinka na cikin masu jinkirin kamawa, ta biyu da ta uku su ne rufin asirinka.

Sai barci, wanda shi ne abin da ke hannunka. Ba zan ce maka ka daina damuwa ba, wanda mai gida ke bin sa kuɗin haya ba da rediyo zai daina ba. Amma kwanciya da wuri kana iya ta. A 2002 a Jami'ar Shikago aka taƙaita wa wasu samari lafiyayyu barci, awa 4 kacal a dare har kwana shida, aka yi musu allurar mura a tsakiya. Bayan kwana 10, kariyar da ke jininsu ba ta kai rabin ta waɗanda suka yi barcinsu ba. Gaskiya ne bayan mako uku zuwa huɗu sun kamo sauran, amma in annoba tana gari waɗannan makonnin ba wasa ba ne. Wani binciken na 2012 a kan manya 125 da aka yi wa allurar ciwon hanta ya nuna masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu barcin sama da awa 7 haɗarin tashi ba cikakkiyar kariya, har ninki 11 da ɗoriya.

Don haka samari 'yan teburin mai shayi, da masu kallon ƙwallo, da ke 'yar'uwa mai latsa waya cikin bargo har kiran sallar farko, dare biyu kafin allura da 'yan kwanaki bayanta a yi haƙuri a kwanta. Maniyyata ku ma. Na san hidimar bankwana, baƙi har sha biyun dare, amma a nemi allurar da wuri, kada a bari sai ana haɗa jaka.

Farin ciki fa? A Jami'ar Notingham ta Ingila an bi tsofaffi 138 mako shida ana rubuta abincinsu, barcinsu, motsa jikinsu da yanayin ransu. Waɗanda ransu ke fari, musamman ranar allurar, su aka samu da kariya mafi yawa bayan mako 16, kodayake a nau'in mura ɗaya cikin ukun da ke allurar abin ya fito fili. Ni dai ba zan ɗora masa kaya da yawa ba. Amma in za ka kai Baba ko Inna, ka raka su, ku tafi kuna hira, kada ka ajiye su a bakin ƙofa kana duba agogo. Ma'aikatanmu kuma, a rage tsawa don Allah.

Iyaye mata, duk binciken nan da na lissafa a kan manya aka yi. Kada ki ce kina cikin ɓacin rai, bari ki ɗaga allurar yaro. Wata 9 ya cika, ƙyanda da shawara, a goya shi a tafi.

Saura abu ɗaya, lokaci na harara ta. Ƙwayoyin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake haɗawa da deksametason, da piredinisolon da wasu ke saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ba tare da likita ba, 'yan'uwan kotisol ne da aka ƙera a masana'anta, kuma sun fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya sha su da yawa har mako biyu, likitoci kan jira wata guda bayan ya daina kafin a yi masa allura mai rayayyiyar ƙwayar cuta, irin ta shawara da ta ƙyanda. Idan kina sha, kada ki yanke lokaci guda, wannan ma haɗari ne. Ki ɗauki kwalin ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya, ki faɗa mata tun yaushe, ba za ta yi miki dariya ba. Ita za ta ce a yi yau, ko ta ba ki ranar dawowa, kuma in ranar ta zo a dawo.