Kafin a Kewaye Fili da Kwano

 

Daga nan Kokomlemle zuwa shataletalen Kwame Nkrumah tafiyar ƙafa ce, saboda haka ba sai na tsaya ina kwatanta muku daren 3 ga Yuni, 2015 ba. Wasu a ɗakin nan sun ga hasken wutar daga ƙofar gidansu. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya cika ya batse, mutane suka ruga gidan mai na GOIL don su fake. Mai ya tsiyaye ya bi saman ruwa, wuta ta kama, kuma ruwan da ya kamata ya kashe ta shi ya riƙa kai ta gida-gida. Sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Shugaba Mahama ya sa makokin kwana uku. Bayan shekara biyu, ranar 7 ga Oktoba, 2017, tashar gas ta fashe a mahadar Atomic, dab da Madina, lokacin da tanka ke sauke kaya. Mutum bakwai suka mutu, fiye da ɗari suka jikkata.

Na fara da waɗannan ne saboda duk lokacin da mutanen unguwa suka ce ba su yarda a kafa musu tashar gas ko ma'aikata a bayan ɗaki ba, sai ka ji wani ya ce, "'Yan Zango ba su son ci gaba." Ƙarya ake mana. Duk wanda ya ga layin matasanmu a bakin titin Nima da safe, ba aiki, ya san muna son ma'aikata fiye da kowa. Muna son aikin, muna kuma son mu kwana da rai.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. A lungun da na girma akwai wani tsohon gida mai ɗaki kusan goma sha biyu. Mai gidan ya rasu, magada suka kasa jituwa, suka ba da shi haya na shekaru masu yawa. Wata safiya muka tashi an kewaye shi da kwano. Aka tambayi masu gadi, suka ce sito za a yi. Bayan wata huɗu sai ga injin narkar da leda, da janareta wanda ƙararsa ke girgiza kwanukan kicin. Wata inna da ke suyar ƙosai a jikin bangon, shekara da shekaru, ta koma tana suya da gyale a hanci. Daga baya masu sayen koko suka daina tsayawa, don warin ya kama kayan. Limamin masallacinmu ya riƙa ɗaga murya a sallar asuba kamar mai faɗa. Muka yi taro, muka rubuta takarda, muka je ofis. Jami'in ya dube mu ya ce, "Ina kuke lokacin da ake gini?" Na ji haushinsa a ranar. Yau kam na yarda tambayarsa tana kan hanya, ko da shi ma bai yi nasa aikin ba. Ihu bayan hari muka yi.

To, ina ya kamata mu kasance? A 1999 Gana ta kafa ƙa'idojin tantance illar ayyuka ga muhalli, waɗanda aka sani da L.I. 1652, a hannun hukumar kare muhalli ta EPA. Ƙa'idojin suka ce babban aiki ba ya farawa sai da izinin hukumar, kuma a buga sanarwar rahoton tantancewa na kwana 21 don jama'a su faɗi ra'ayinsu. Suka ce idan jama'a sun nuna ƙin amincewa mai ƙarfi, ko aikin zai tashi mutane daga muhallinsu, a yi zaman sauraron jama'a, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan kwamitin sauraron su zama mazauna wurin. Ga kuma dokar tsara ƙasa ta 2016, wadda ta ɗora wa majalisun gunduma alhakin ba da izinin gini. Gidan mai da tashar gas suna buƙatar lasisin hukumar kula da man fetur ta NPA. Tun 2019 muna da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya nemi takarda a ofishin gwamnati.

A rubuce abin gwanin ban sha'awa. Amma sanarwar a jaridar Turanci take fitowa, a shafin ciki, da ƙananan haruffa. Innar nan mai ƙosai ba ta karanta Daily Graphic. Kuma "ƙin amincewa mai ƙarfi" ba ya ƙirguwa idan a majalisar shayi aka yi shi. Sai ya isa teburin jami'i a rubuce, da sa hannu da dangwalen yatsa, kafin kwanakin su cika.

A nan zan taɓa namu laifin, iyayena ku yi mini haƙuri. Tun da Malam Amadu Futa ya karɓi filin Nima daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, muke zaune a tsarin mai gida da baƙonsa. Tsari ne da ya rufa wa dubbai asiri. Amma a yau galibin masu kwana a Nima da Maamobi da New Town 'yan haya ne, kuma idan mai kuɗi ya zo neman wuri, mai gida yake gani, sai ya kai goro wajen manya, a yi addu'a, a shafa. Daga nan ya rubuta cewa ya tuntuɓi al'umma. Mai gidan kuwa wataƙila ya daɗe da komawa Adenta ko Kasoa. Wanda zai shaƙi hayaƙin ba a tambaye shi ba. Ban ce a daina kai goro ba, al'adarmu ce. Cewa na yi albarkar dattijo ɗaya ba ta zama yardar mutum ɗari uku da ke amfani da rariya ɗaya.

Akwai kuma wani tsoro da ke rufe mana baki, kuma yana da tushe. Makonni kaɗan bayan gobarar 2015 aka shiga Tsohuwar Fadama da katafila, aka rushe ɗakunan talakawa a bakin Odaw. A Yulin 2021 aka share kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, aka kai 'yan albasa Adjen Kotoku. Babu mai musun cewa hayaƙin ƙona waya a Agbogbloshie guba ne. Yaran Arewa nawa ya cinye wa ƙirji? Amma talaka ya lura da abu guda: in dai aka ce za a gyara muhalli, rumfarsa ce ke fara faɗuwa. Saboda haka mai gida marar cikakkun takardu yana gudun ya kai ƙara, kada garin neman gira a rasa ido. Ina gaya muku, ƙorafi a kan hayaƙi da ƙara da haɗarin wuta ba ya neman takardar fili. Ɗan haya ma yana da bakin magana.  

Yanzu an kawo mana hukuma kusa. Majalisar gundumar Ayawaso ta Gabas tana riƙe da Nima, ta Arewa Maamobi, ta Tsakiya kuma nan Kokomlemle. Kowace unguwa tana da ɗan majalisa da muka zaɓa, wanda muke gani a wajen suna da jana'iza. Roƙona gare ku: ranar da kuka ga an sauke kwano da katako a wani fili, kada ku jira bulo ya kai taga. Mutum biyu ko uku su je wajen ɗan majalisa, su ce me za a gina, ina izinin majalisa, ina na EPA. A karanto amsar a masallaci bayan sallar Juma'a, da Hausa, da kowane yaren da ake ji a lungun, a kuma faɗa a coci ran Lahadi, don hayaƙi ba ya tambayar addini. Matasanmu da suka yi jami'a a Legon, ga aikinku: ku rubuta takardar, ku bi gida-gida ku karɓi hannu, har da na mata, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Ga sarakunanmu kuma, Allah Ya ja zamaninku: idan an kawo goro, ku ce a dawo bayan mako guda, sai kun ji ta bakin masu kwana a jikin bangon.