Tiyatar Rage Ƙiba da Kitsen Jini

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, ma'aikatan lafiya da kuka taso daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, barkanmu da haɗuwa.

A garuruwanmu har gobe tumbi shaidar hutu ce. Idan amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai dangi su fara tsegumi, wata ma ta faɗa kemis neman sha-ka-fashe. Amma likita da ma'auni yake aiki: a raba nauyin mutum da tsayinsa, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Mai tsayin mita 1.7 da ya kai kilo 101, ma'auninsa 35 ke nan, kuma daga nan ne ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fannin suka fitar a 2022 ta yarda a yi zancen tiyata. Mai ciwon suga kuwa tun daga 30.

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. Ko dai a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri, ko kuma a ware masa 'yar ƙaramar jaka a haɗa ta da hanji can gaba, abinci ya riƙa tsallake wani sashe. Dukansu suna zubar da nauyi. Inda suka rabu shi ne kolestarol.

Takardar gwajin jini tana nuna kolestarol iri biyu: LDL, mai liƙewa a jijiyoyi ya toshe su, da HDL mai kwashe kitsen ya mayar hanta, sai tiragilisarid. Binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi sawun mutane kusan 2,000 da aka yi wa aiki da wasu kamar haka da ba a yi wa ba. Rahotonsa na 2004 ya nuna bayan shekara 10 tiragilisarid da HDL da ciwon suga sun fi gyaruwa a wurin waɗanda aka yi wa aikin. Amma a yawan kolestarol gaba ɗaya, babu wani bambancin a-zo-a-gani. Dalili kuwa, akasarinsu tumbin kawai aka ƙuntata musu, ba a taɓa hanji ba.

Ku lura da wannan, ma'aikatan lafiya. Hanta ce ke ƙera mafi yawan kolestarol, da shi kuma take yin ruwan matsarmama. Ruwan nan idan ya gama narkar da maiƙo, ƙarshen ƙaramin hanji yakan tsotse kusan kashi 95 ya mayar mata. Da zarar an rage tsotson, dole hanta ta janyo kolestarol daga jini ta yi sabo. Dokta Henry Buchwald na Jami'ar Minesota a Amurka ya gwada haka a wani bincike na mutane 838 da suka taɓa bugun zuciya, ya kuma wallafa a 1990 cewa tsallake ƙarshen hanjin ya sauke LDL da kusan kashi 38. Aikin tsallake hanji na rage ƙiba ma ya fi na siranta tumbi sauke LDL.

A ganina kada kowa ya sayar da gonarsa ta bakin madatsar ruwan Tiga don kolestarol kaɗai. Ƙwayar sitatin tana sauke LDL da kuɗi kaɗan. Wanda aka yi wa tiyata kuwa zai sha maganin ƙarin jini da bitamin B12 iyakar rayuwarsa, ga haɗarin tsakuwar matsarmama idan rama ta zo da sauri, ga zirga-zirgar ganin likita a Kano, wadda mutumin Riruwai ya san nisanta. Tiyatar ta mai ƙibar da ta haɗu da suga ko hawan jini ce.

Sannan manomin da ya wuni yana huɗa, jikinsa ba kitse, shi ma LDL ɗinsa kan hau, musamman idan gado ne. Duk wanda ya haura 40, ko aka taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya a gidansu, ku tura shi gwajin jini ko da siriri ne.