DOKI DA KARATUN YARANMU

(Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Abin da zan yi magana a kansa shi ne doki da karatun yara. Na san wasu za su ce a ransu, ina ruwan biri da gada? To, ku ba ni hankalinku na 'yan mintoci.

Kowa a nan ya san abin da ya sami makarantunmu a shekarar 2021. Ran 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Cikin watan Agusta suka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma suka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. An sako yaran, amma tsoron bai bar zukatan ƙannensu ba, kuma makarantu sun daɗe a rufe. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa yaron da gabansa ke faɗuwa ba ya riƙe karatu. In aka ce ya tashi ya karanta, sai baki ya sarƙe, 'yan aji su yi dariya, gobe ya ƙi zuwa.

A wasu ƙasashe sun daɗe da gano cewa doki yana da amfani ga irin wannan yaro. Wata mata 'yar ƙasar Danmak mai suna Lis Hartel ta kamu da shan inna a 1944, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Duk da haka ta koma kan sirdi, har ta ci lambar azurfa a wasannin Olimfik na Helsinki a 1952. Labarinta ya jawo hankalin likitoci, kuma a 1969 aka kafa ƙungiyoyin koya wa naƙasassu hawan doki a Ingila da Amurka. Daga nan sai abin ya shiga fagen karatu. A 1999 Tim Farley, ɗan wani marubucin labaran dawaki na Amurka, ya haɗa kai da abokinsa suka fito da wani shiri: a bai wa 'yan firamare ɗan littafi mai labarin doki, su yi ta bitarsa, sa'an nan a kai su wurin doki na gaske su karanta masa da babbar murya.

Mene ne asirin abin? Na farko, doki ba ya dariya. Yaro ya yi tuntuɓe a kalma sau goma, doki yana tsaye yana kaɗa kunne, sai yaron ya sake gwadawa har ta zauna. Na biyu, doki dabba ce mai saurin firgita. In ka zo masa da ihu da gaggawa sai ya ja da baya, in ka zo a natse sai ya miƙo kai. Ta haka yaro yake koyon sarrafa fushinsa da muryarsa ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Na uku, doki ba ya jiran ganin dama. Dole a ba shi ruwa, a zuba masa dusa da harawa, a share turke, ko kana so ko ba ka so. Yaron da aka ɗora wa wannan aiki ya fara sanin abin da ake kira amana.

Jama'a, mu ai ba sai mun sayo doki daga ƙasar waje ba. Akwai dawaki a fadar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun, da gidajen hakimai da attajirai. Ban da hawan Salla da 'yar kilisa, mafi yawan shekara suna ɗaure a barga. Yaranmu kuwa tun suna ƙanana suke sukuwa a kan dokin kara, ba sai an koya musu son doki ba. Haka kuma muna da taskar kalmomi da ke neman ɓacewa: sirdi, linzami, likkafa, ragama, majayi, lifidi, da sunayen dawaki irin su kili, danda, akawal da hurde. Yaron yau yakan ji waƙoƙin fada na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan wannan ƙasa tamu, amma ya kasa gane rabin abin da ake nufi.

Saboda haka ga shawarata ga wannan ƙungiya. Mu tura wakilai su je su yi gaisuwa a fada, su roƙi a ba mu aron barga da Shamaki ranar Asabar da hantsi, awa biyu kacal. A zaɓo yara goma zuwa goma sha biyar, maza da mata, daga waɗanda karatu ya fi yi wa wuya. A rubuta sunan kowane kayan doki a kati, yaro ya karanta, ya je ya ɗora shi a kan abin da ya dace. A sa su auna dusa da mudu su rubuta lissafin abin da doki ke ci a mako. Daga nan kowa ya tsaya a gefen doki ya karanta masa shafi ɗaya, in ya koma gida ya rubuto jimla uku a kan abin da ya gani. Kuɗin da za mu kashe bai wuce na littattafai da alli da ɗan alherin masu kula da dawakin ba. A cikinmu akwai malaman firamare da likitocin dabbobi da za su iya ba da lokacinsu.

Sai dai a kiyaye. A zaɓi tsohon doki mai sanyin hali, kada a kusanto da ingarma mai zafin kai. Babba ya riƙe ragama koyaushe, kada yaro ya tsaya a bayan doki, kuma ba lalle ne a hau ba. A yi komai a cikin gari da rana tsaka, da yardar iyaye. Wannan shiri taimako ne ga malamin aji, aikin koyarwa yana nan a hannunsa.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon Shugaba ya sa a naɗa kwamitin mutum biyar kafin mu watse yau, mu fara da barga ɗaya, in Allah ya kai mu taron baɗi su kawo mana rahoton yara nawa suka iya karanta shafi ba tare da tsayawa ba.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.