Kwarin Majiya da yawan mutanensa: jawabin da aka karanta a taron ƙungiya

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku girma. Malamai, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwa da kuka taso daga Yamai, da Agadas, da Kano, da Legas, da Abijan, sannunku da hanya.

Shugabannin ƙungiya sun ce mu yi magana a kan ƙasarmu, yadda take shimfiɗe, da tarihinta, da yawan mutanenta. Mu yara ne a gabanku. Kaɗan muka karanta a takarda, mafi yawa daga bakinku muka ji. In mun yi kure, a gyara mana.

Wanda ya hau dutsi ya duba ƙasa, zai ga ƙasarmu kashi uku ce. Bisa dutsi fako ne da tsakuwa, ruwa ba ya zama. Sai gangare, inda ƙoramu ke cin gona kowace damina. Sai fadama a tsakiya, siririya, wadda ita ce rumbunmu: dawa, da gero, da abin lambu in rani ya yi. Majiya ruwan damina ce kawai. Tana tasowa daga duwatsun Adar, ta ratsa ƙasar Buza, ta gangara wajen Ƙonni, ta tsallaka iyaka ta zube a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ku riƙe wannan siririyar fadama a rai, don a kanta maganar za ta ƙare.

Kakanninmu Azna su ne suka sare dajin nan. Wajen 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi, kuma daga zuriyarsa sarautar Sarkin Adar ta Illela ta fito. Bayansa Abzinawa suka yi ƙarfi, har Kel Geres suka zauna a ƙasar Madawa. Tsofaffi sun gaya mana a wancan zamani mutane kusa da dutsi suke kafa gari, don in hari ya zo su samu wurin hawa. Noman kowa gwargwadon inda zai iya gudowa gida ne. A 1901 Nasara suka karya Kel Geres a Galma, hari ya ƙare, lanho da aikin tilas suka maye gurbinsa. Neman kuɗin lanho yana cikin abin da ya koya wa iyayenmu hanyar kudu. Bayan mulkin kai, a 1964, aka mai da Buza da Keita da Madawa kowace da kumandanta a ƙarƙashin Tawa, kuma a 2004 aka yi zaɓen farko na kansiloli a kominominmu.

To, ga lissafi, ku yi mana haƙuri, halin mushen lakwal ne. A ƙidayar 2001 gundumar Buza tana da mutum wajen dubu 278. A ta 2012 sun kai dubu 445. Keita ta tashi daga dubu 218 zuwa dubu 337, Madawa kuwa daga dubu 319 zuwa dubu 545. Wato a Buza kaɗai, cikin shekara 11, an ƙaru da mutum fiye da dubu 160. In aka ci gaba da haka, jama'a na ninkawa kafin shekara 20 ta cika, ga shi daga 2012 an riga an ci fiye da 10. Haihuwa arziki ce, mun gode Allah. Amma fadama ba ta ƙaru da taku ɗaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta kamar ƙosai, kuma babu wanda ke iya barin tasa ta huta.

Ƙasar nan ta taɓa kusan kuɓuce mana. Dattawa sun tuna bayan farin 1973, lokacin da kwari ya zama fili, iska ta hunturu na kwashe ƙasa, ta farkon damina kuma na binne shuka, har mutum ya yi shuka biyu ko uku. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a Garadume. Ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, shi da wani Ba'amurke suka kawo shawarar, ƙungiyar CARE ta ba da kuɗi, mutanen gari suka haƙa ramu. Layi bibbiyu ake yi, a gicciye da iska, tsakanin wannan da wancan mita 100. Aka sa masu gadi don kada bisashe su ci dashen. Mu faɗi gaskiya, ba kowa ya ji daɗi ba: makiyaya da mata masu awaki sun sha wuya, kuma wanda layi ya bi ta gonarsa ya yi hasarar wani yanki ga inuwa. Duk da haka, da masu bincike suka auna, sun tarar amfanin gonar da ke bayan itace ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. Daga baya aka riƙa sassabe kawunan itacen, aka samu azara da itacen wuta. Maƙwabtanmu na Keita su ma, daga 1984, proje ya taimake su suka jera duwatsu suka farfaɗo da fako, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan mata ne, don maza suna cirani.

Itacen da aka fara dasawa sun kai shekara 50. Ku da kuke zuwa gida da Salla kawai, ku zaga gona kafin ku koma. Wani layin yana nan daram. Wani kuwa ya yi giɓi kamar bakin tsoho, an sare ba a maye ba, kuma ta giɓi iska ta fi shiga da ƙarfi. Yaran da ke aji yanzu sun ɗauka itacen nan da kansu suka tsiro.

Wani zai ce ai cirani na ciyar da mu. Gaskiya ne, ba don kuɗin da kuke aikowa ba da rumbuna da yawa ba su kai damina ba. Amma ƙofar cirani ba a hannunmu take ba. A 1983 an kori baƙi daga Najeriya. A 1984 aka rufe iyaka ana tsakiyar yunwa, shi ya sa har yau ake kiran shekarar El Buhari. An sake rufewa a 2019, an sake a 2023. Duk ranar da aka rufe, gida ake dawowa, kuma fadamar nan ce ke karɓar kowa.

Don haka ga abin da muke roƙo. Mu malamai, in dattawa sun yarda, za mu fita da manyan yaran lakwal mu bi layukan garinmu ɗaya bayan ɗaya, mu ƙidaya itacen da ke tsaye da waɗanda babu, mu kawo muku a rubuce. Ƙungiya kuma ta ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa, a yi wurin renon dashe kusa da rijiya, a ɗauki mutum guda mai ban ruwa tun daga rani, don dashen ya isa fita da ruwan farko. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne maganar masu gona da masu bisashe: wa zai tsare dashen, kuma wa ke da itacen in ya girma. Wannan sai mai gari da liman da ku iyayenmu, kuma muna fatan a zauna a kanta kafin 'yan cirani su koma.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.