Abokin ɗanka na lakkwal yana wuni da yunwa: me za ka yi?

  Hirarmu ta yau a kan yaro ce, amma ba ɗan cikinka ba. Abokin ɗanka ne, wanda suke zama tebur ɗaya a lakkwal.

Wata rana ɗanka zai iya ce maka: "Baba, wane ba ya zuwa da komi. In an fita shan iska, sai ya koma gindin icce shi kaɗai." Ko kuma ke uwa ki lura ɗiyarki tana dawowa da yunwa kullum, alhali kin ba ta abin da zai ishe ta. Kada ki yi saurin faɗa. Tambaye ta a hankali. Sau da yawa za ki tarar rabawa take yi da ƙawarta.

Yaro mai jin yunwa ba ya faɗi. Kunya ta hana shi, kuma an gargaɗe shi a gida kada ya tona asirin iyayensa. Jikinsa ne ke faɗi. Yana gyangyaɗi a aji tun da hantsi. Ba ya shiga wasa. Ciwon kai ba ya rabuwa da shi. Abin da mushe ya koyar da safe, kafin azahar ya ɓace masa. Sai a ce daƙiƙi ne, ko malalaci, har a kai ga bulala. To ku yi lissafi da kanku. Yaron da ya ci tuwo ƙarfe 8 na dare, bai sa komi a baki ba har ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 16 ke nan ciki ba komi. Kai babba, za ka iya riƙe karatu a haka?

Abin ya fi tsanani daga watan Afirilu zuwa Yuni. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, mai gida ya tafi cin rani bai aiko ba tukuna. Kuma daidai lokacin ne ake shirin jarabawar ƙarshen shekara. Manya cikinku sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984. Na baya sun ga yunwar 2005 da ta 2010. A irin waɗannan shekaru yara da yawa sun bar lakkwal sun bi iyayensu neman abinci, wasu ba su sake komawa ba. Amma ko a shekarar da damina ta yi kyau, akwai gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu. Gidan gwauruwa, gidan mai jinya, gidan da gona ta yi kaɗan baki ya yi yawa. Yaron irin wannan gida, yau ya yi fashi, gobe ya yi fashi, wata rana sai a share sunansa daga littafin kira.

To yaya za a yi? Ba abincin ne mai wuya ba. Ludayi biyu na hura ba su tsiyata kowa. Abu mai wuya shi ne a ba yaro ya ci ba tare da an kunyata shi ba, ba tare da an kunyata uwarsa ba.

Kada ka kira yaron ka titsiye shi da tambaya: "Me kuka ci jiya? Ubanku bai aiko ba?" Zai yi maka ƙarya, kuma ba zai sake taka ƙofar gidanka ba. Kada ki ce gaban mutane: "Allah sarki, zo ka ci, na san ba ku dafa ba." Wannan magana ta fi yunwar ciwo. In sun taso tare da ɗanki, ki zuba masu a ƙwarya ɗaya, ki ce: "Ku wanke hannu ku ci, kafin ku yi karatu." Shi ke nan. Ki juya ki ci gaba da aikinki, kada ki tsaya kina kallon lomarsa. Yara sun saba ci tare, ba wanda zai ga wani abu a ciki.

Da safe kuma, abin da za ki ƙulla wa ɗanki, ki ƙara kaɗan, ki ce: "Kai da abokinka." Ki ja masa kunne kada ya yi gori ranar da suka yi faɗa, don yara akwai gori. Ga lissafi ga masu koyon ƙidaya: in kina ƙara dala 10 kowace rana, kwana 5 na lakkwal dala 50 ne. Amma abinci ya fi kuɗi. Kuɗi a hannun yaro, wani babba yana iya karɓewa, ko su tafi ga alawa.

Wane irin abinci? Hatsi yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa da wake, ko gujiya, ko ƙuli, ko nono. Ƙosai, ɗanwake, dambu da zogala, kunu da aka sa wa ƙuli, duk suna riƙe ciki. Ganye irin su zogala da rama da yakuwa suna taimakon jini da ido. Hurar da aka cika wa ruwa ba nono, cikin ɗan lokaci ta wuce.

Yanzu sai maganar iyayensa, kuma a nan ne ake yawan ɓata abu. Ciyar da ɗan wani kullum ba da sanin uwarsa ba yana iya jawo rigima. Ta ji a bakin rijiya cewa ɗanta a gidan wane yake ci, sai ta hana shi zuwa. Saboda haka mace ta je wa mace. Ki tafi kamar gaisuwa, ki ce: "Yaya, yaran nan sun shaƙu. In sun taso sukan biyo ta wurina su yi karatu tare, kada ki ga ya yi jinkiri ki damu." Ba ki ambaci yunwa ba, amma ta gane, kuma kin rufa mata asiri. In ta aiko maki da ɗan kuka ko daddawa, ki karɓa da godiya. Kada ki ce ta bar shi. Wanda aka bari ya mayar da alheri, ko kaɗan ne, ba ya jin shi almajiri ne. Aika ƙwarya gidan maƙwabci da maraice ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka ma ciyayya tsakanin maza a ƙofar gida. Hanyar tana nan tun kaka da kakanni, bi kawai za a yi.

Kai kuma mai gida, in kaka ta yi za ka fidda zakka, dami 1 cikin 10, ka tuna da wannan gida. Ka kai da dare. In kana da aikin da za ka biya, irin gyaran darni ko sussuka, ka fara kiran su.

A lura da ƴan mata. Akwai yarinyar da ke ɗaukar tallan abinci kafin lakkwal, tana wuni da ƙanshinsa a ka, ba ta da ikon taɓa ko ɗaya. Akwai kuma yaron riƙo da maraya, waɗanda ake dafawa a gidansu amma rabonsu ba ya kai masu. Wannan ba rashi ba ne, zalunci ne, kuma ya fi ƙarfin ƙwaryar hura. Kada ka tafi faɗa. Ka sami liman ko mai gari ko wani dattijo na danginsu wanda ake jin maganarsa.

Ba kowace rama ce yunwa ba. Tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro da tsargiya duk suna ramar da yaro ko yana ci. In kun ga cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko yana fitsarin jini, ko ba ya gani da almuru, abin da muke kira dundumi, ko ƙafafunsa sun kumbura, to a kai shi gidan likita. A duba ƙannensa ma, don inda babba ya rame, ƙarami ya fi shiga haɗari.

In ka ga ba yaro ɗaya ba ne, abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ka sami mushe a keɓe, don shi ya san masu barci a aji. A kai maganar ga kwamitin iyayen yara, ba tare da kiran sunan kowa ba. Wasu makarantu suna da kantin inda ake dafa wa yara, da taimakon gwamnati da hukumar abinci ta duniya, PAM. Inda babu, gari yana iya tara tiya-tiya da kaka, lokacin da hatsi ke araha, a ajiye a dama wa yara kunu da bazara. A ba kowane yaro, mai shi da marar shi, layi ɗaya. A sa mutum biyu da suka iya rubutu su riƙe littafi, abin da ya shiga da abin da ya fita. Ga aiki ya samu gare ku, ƴan yaƙi da jahilci.

In kun taru a aji wannan mako, ku lissafa tare da malaminku: yara nawa ne a lakkwal ɗin garinku, kuma tiya nawa za ta ishe su kunun wata 3? Ku rubuto mana abin da kuka samu.