Amfilifayar Hedfon: A Yi Lissafi Kafin Ciniki



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: mutum ya tara kuɗinsa ya sayi hedfon mai tsada, wace amfilifaya ce za ta fito masa da sautinsa? Bari in fara da matsayina. Amfilifaya ba ta ƙara wa hedfon kyan da maƙerinsa bai sa masa ba. Aikinta ta ba shi wutar da yake nema, kuma kada ta tsoma hannunta cikin sautin. Don haka zaɓen yana farawa ne daga lambobi biyu da ke jikin kwalin hedfon ɗinka.

Ta farko ita ce turjiya, wadda ake aunawa da om. A cikin yawancin hedfon akwai siririyar waya da aka nannaɗe kusa da maganaɗisu, a manne da wani tantani. Wuta ta bi wayar, tantani ya motsa, iska ta kaɗa, kunne ya ji. Sony MDR-7506, wanda tun 1991 yake yawo a situdiyoyin duniya, om 63 ne. Sennheiser HD 600 na 1997 da ƙanensa HD 650 na 2003, om 300 ne kowanne. Kamfanin Beyerdynamic na garin Heilbronn a Jamus yana ƙera DT 770 Pro iri uku, na om 32 da 80 da 250, kuma akwai DT 880 mai om 600. 'Yan rediyo da suka daɗe a aiki sun san dalilin irin wannan turjiya mai yawa: a da ana jona hedfon da dama a mafita guda, kuma masu om 600 ba sa yi wa na'ura nauyi.

Ga abin da turjiya take yi. Idan na'ura tana fitar da bolt 1, hedfon mai om 32 zai samu kimanin miliwat 31, mai om 300 kuwa miliwat 3 da ɗan ɗoriya. Ƙaramar wayar da Apple yake sayarwa don jona hedfon, bayan ya cire ramin hedfon daga iPhone 7 a 2016, bolt 1 take bayarwa, wadda ake sayarwa a Turai ma rabin haka. Wanda ya jona HD 600 a irinta, ya murɗa har ƙarshe ya ji sauti ya tsaya masa a rabin hanya, ba hedfon ɗin ne ya gaza ba.

Lamba ta biyu ita ce saurin amsawa, wato ƙarar da hedfon yake bayarwa idan an ba shi miliwat 1. Ita mutane suka fi mantawa, alhali sau da yawa ita ce mai yanke hukunci. Ƙa'idar ba wuya: ƙarin desibel 3 yana cin ninki biyu na wuta, ƙarin desibel 10 yana cin ninki goma. A ce kana son na'urarka ta iya kai desibel 110 a daidai lokacin da ganga ta faɗo, na ƙiftawar ido kawai. Hedfon mai om 300 da ke ba da desibel 97 a miliwat 1 zai nemi miliwat 20, wato kusan bolt 2.5. Yanzu ɗauki HiFiMan HE-6. Om 50 ne kacal, mai kallon turjiya kaɗai zai ce ai waya ma za ta tuƙa shi. Amma desibel 83.5 yake bayarwa, don haka sai an ba shi kusan miliwat 450 kafin ya kai inda wancan ya kai. Ya ninka shi fiye da sau 20. Shi ya sa nake roƙon ku kada ku tambayi mai kaya wat nawa amfilifaya take da shi ku tsaya nan. Ku ce masa: wat nawa, a kan om nawa?

Yanzu na zo inda na fi so mu daɗe, domin nan ne amfilifaya take sauya sauti a ɓoye. Ita ma tana da tata turjiyar a bakin mafitarta, kuma wutar da ta fito rabuwa take yi tsakanin wannan turjiya da ta hedfon. Akwai wani tsohon ma'auni na ƙasa da ƙasa da ya ba da shawarar om 120 a mafita. Jona hedfon mai om 32 a irin wannan, kusan kashi 21 cikin 100 na bolt ɗin ne kaɗai zai iso kunnenka. Asarar ƙara ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne turjiyar hedfon ba ta zama wuri ɗaya. Om 300 da aka rubuta wa HD 600 na tsakiyar sauti ne. Idan aka sauko wajen haz 100, inda bes yake, takan haura 500. A kan mafita mai om 120, wannan yanki zai ɗaga da kusan desibel 1. Mai sauraro don nishaɗi zai ce sautin ya yi kauri, ya ji daɗinsa, kuma ba laifi. Mai haɗa waƙa kuwa zai ji bes ya yi yawa ya rage shi, waƙa ta fita kasuwa a rame, ba tare da ya san na'urarsa ce ta ba shi labarin da ba haka ba.

Sannan akwai batun tsayar da tantani. Bayan bugun ganga ya wuce, tantanin yana so ya ci gaba da rawa. Mafita mai ƙarancin turjiya tana riƙe shi kamar linzami a hannun gwanin mahayi: ana ja, doki ya tsaya cak. Idan turjiyar ta yi yawa, riƙon ya yi sako-sako, bugu ya riƙa jan jela yana shiga na bayansa. Masu aunawa suna amfani da ƙa'idar ɗaya bisa takwas: turjiyar mafita kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedfon. Mai om 32 yana son ƙasa da om 4. Amfilifayoyin zamani masu kyau suna ƙasa da om 1, kuma kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta lambar a fili.

Amfilifayoyi masu kwalba, irin ta rediyon kakanninmu, da yawansu turjiyar mafitarsu babba ce. Ɗaya daga cikinsu, Bottlehead Crack, ta yi suna tare da HD 600 da HD 650 saboda wannan kaurin. Ɗanɗano ne, wanda ya so ya saya da saninsa, amma ba zan ba mai aikin haɗa sauti shawarar ya dogara da ita ba. Joni mai layi biyu kuma, na filogi mai milimita 4.4 ko XLR mai ƙafa huɗu, babban amfaninsa ninka bolt ne. In kana da isasshe, bai zama dole ba. Hedfon ɗin Stax na Japan daban suke: suna aiki da bolt 580 a kan tantani, sai amfilifayarsu ta musamman.

Ƙarfin da ya wuce kima shi ma yana da illarsa. Sa ƙananan hedfon na cikin kunne masu saurin amsawa a babbar amfilifaya, kafin waƙa ta fara za ka ji tana huci, shuuu. Ka ɗan taɓa maɓallin ƙara, kunnen hagu ya riga na dama tashi, ka ƙara kaɗan, ya yi yawa. Ku nemi mai makunnin rage ƙarfi.

To yaya za a gwada a kanti? Tun 1933 Fletcher da Munson na Bell Labs a Amurka suka nuna cewa kunnen ɗan Adam yana ƙara jin ƙasan sauti da samansa idan ƙara ta ɗagu. Ma'ana, cikin na'urori biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita za ka rantse ta fi kyau. Sai ka sa sautin gwaji guda, ka auna bolt ɗin kowacce da mita har su zo daidai, ka juya baya, abokinka ya riƙa sauya jonin ba tare da ya faɗa maka ba. In ka kasa bambance su, kuɗin da ke tsakaninsu na akwati ne da suna. Amfilifayar Schiit Magni ta fito a 2012 a kan dala 99, JDS Labs Atom a 2018 a kan farashi guda, kuma irinsu sun ishi mafi yawan hedfon da na ambata. Ragowar kuɗin ya fi amfani a kan hedfon ɗin kansa, ko sauya soson kunnensa idan ya lotse, domin wannan kowa yana jin bambancinsa.

Ina so in ja kunnen ɗalibai a kan desibel 110 da na yi lissafi da shi. Wurin ajiya ne don bugun da ke wucewa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Amfilifaya mai tsabta ba ta tsagewa balle ta gargaɗe ka, sai ka wuce iyaka kana jin daɗi.

Saura wutar gidajenmu. Tamu bolt 230 ce a haz 50, ta Amurka 120 a haz 60. Wasu ƙananan amfilifayoyi, har da Magni da Atom na farko, suna zuwa da taransifomar bango da aka ƙera don wutar ƙasa guda, ba irin cajar waya mai karɓar kowace wuta ba. Wanda zai yi saƙo daga waje ya ce a sayo masa ta 230. Idan kuma kun ji gurnani a ƙasan sauti, musamman an tada janareta, ku fara da jona kwamfuta da amfilifaya a soket guda, ku duba ko wayar ƙasa ta ginin tana aiki. In gurnanin ya ɗauke da kuka cire cajar kwamfuta tana kan batir, to daga layin wuta yake shigowa, kuma can za a nemi gyara.